Malama, kafin ki sa yaran nan su tara kuɗi a ba da bashi

Wata malama mai koyar da darasin kasuwanci a JSS 2 ce ta turo min tambaya, tace ta gani a intanet yadda wasu makarantu a Amurka suke sa yara su tara kuɗi a aji sai a bai wa masu ƙananan sana'a rance ta shafin Kiva, tana so tayi irin haka da nata ɗaliban amma bata san ta ina zata fara ba, kuma tana tsoron maganar kuɗin ruwa da surutun iyaye.

Wa alaikumus salam Malama. Tambayar nan ta min daɗi sosai dan kuwa na ɗau shekaru ina yawo da jaka da biro a kasuwa ina karɓar zubi a wani ƙaramin bankin bada rance kafin in dawo koyarwa, kuma sau uku ina yin irin wannan aikin da yara, na farkon ma kunya ya bani, zan gaya miki dalili a gaba.

Abinda zan fara ce miki shine tara kuɗin nan da kike ganin shine babban aiki, wallahi shine mafi sauƙi a ciki, kuma yawancin malamai a nan suke ƙarar da ƙarfinsu, ayi zoɓo a sayar a ɗau hoto a miƙa wa wata baiwar Allah ambulan a tafa shikenan an tashi. In a nan aka tsaya to sadaka kika koya musu, sadaka kuma abu ce mai kyau amma sun riga sun santa tun a Islamiyya. Darasin rance yana farawa ne ranar da kuɗin ya kamata ya dawo, musamman ranar da bai dawo ba. Saboda haka ki raba shekarar tun yanzu, zango na farko a tara, zango na biyu a bayar a rinƙa karɓa duk sati, zango na uku a zauna ayi lissafi a sake juyawa. In lokacin da kike da shi bai kai ki ga dawowar kuɗin ba gara ki bari sai baɗi.

Kiva ɗin da kika gani gaskiya ne. An kafa ta a 2005 a San Francisco, mutum yana iya bada rance daga dala 25, ka zaɓi hoton mai sana'a a wata ƙasa ka sa kuɗinka, in ya biya kuɗin ya dawo asusunka ba tare da ko kwabo na ruwa ba. Amma akwai abu biyu da ya kamata ki sani. Yawanci ba Kiva bace take miƙa kuɗin hannu da hannu, akwai ƙananan bankuna da ƙungiyoyi da take aiki da su a ƙasashen, su suke bayarwa su suke karɓa, kuma da yawansu suna ɗora wa mai karɓar ruwa ko da yake ke da kika bayar baki ci komai ba. Sannan sau da yawa an riga an bai wa mutumin kuɗin tun kafin hotonsa ya hau shafin, naki cike gurbi yake yi. Ga kuma wahalar katin naira da ba kullum yake wucewa a shafukan waje ba. Ga yaron Amurka da bai taɓa ganin mai suyar ƙosai ba wannan shafin taga ce gare shi, amma ke fa masu sana'ar suna bakin get ɗin makarantarki, yaranki a wurinsu suke sayen awara lokacin tara, wasu ma iyayensu mata sana'ar suke yi a cikin gida. Ki nuna musu Kiva a waya su ga cewa duniya tana yi, amma ki bada rancen a unguwa inda ido zai gani.

Ranar farko kar ki fara da banki, ki fara da adashe. Ki tambaye su wa mamansa take zubi, zaki ga hannu sama ko'ina, sai ki ce to wa yake riƙe kuɗin, me ake ba uwar adashe, me yake faruwa in wata ta kwasa ta daina zubi, zaki sha labari har ki gaji, kuma duk abinda zaki koyar a shekarar yana cikin amsoshinsu, amana da shaida da lokaci da wanda ya gudu. Daga nan sai ki kawo musu labarin Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki ne a jami'ar Chittagong a Bangladesh, bayan yunwar da akayi a ƙasar a 1974 ya fara shiga wani ƙauye kusa da jami'ar mai suna Jobra, a 1976 ya tarar da wata mata mai saƙa kujerun gora wadda bata da kuɗin sayen goran, sai ta karɓa a wurin dillali da sharaɗin shi zata sayar wa kujerar a farashin da ya ga dama, ta wuni tana aiki abinda ya rage mata bai taka kara ya karya ba. Ya sa ɗalibarsa ta zaga ƙauyen ta rubuto masu irin wannan matsalar, aka samu mutum 42, gaba ɗaya abinda suke buƙata taka 856, wajen dala 27 kenan, ya zaro daga aljihunsa ya basu. Wannan ne ya zama bankin Grameen a 1983, kuma a 2006 aka bashi kyautar Nobel ta zaman lafiya shi da bankin. Ni wurin da nake tsayawa in na bada labarin shine ɗaliba ce tayi jerin sunayen nan, sai in ce musu to ku ma aikinku kenan. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, matar nan ta iya sana'arta sarai jari ne kawai babu.

Amma akwai wanda ya fi kusa da mu, kuma abin mamaki malamai da yawa basu san shi ba. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani tsari da matan karkara a yankin Maraɗi mai suna Mata Masu Dubara, mata su haɗu su rinƙa zubi duk sati a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, makullan a hannun mata uku daban, ba a buɗewa sai a gaban kowa, suna bai wa junansu rance daga ciki, ƙarshen zagaye a fasa a raba. Wannan tsarin ne ya yaɗu ƙasashe da dama a Afirka da wajenta, sunansa ma da Hausa ya fara. To shi na kwaikwaya a aji, kuma shi nake baki shawara. Ki sa maƙeri ko mai walda ya haɗa miki ƙaramin akwati mai kafar kwaɗo uku, makulli ɗaya wurin ɗaliba ɗaya wurin ɗalibi ɗaya wurin wani malami da ba ke ba, akwatin ya kwana a ofishin firinsifal. Ke kar ki riƙe makulli kar ki riƙe kuɗi ko na minti biyar, kuma dan Allah kar a ce a tura ta asusunki na banki wai dan sauƙi, ranar da naira ɗari biyu ta ɓata sunanki ne zai zaga unguwa.

Wajen tara kuɗin ba zan daɗe ba. Ki fara samun izinin firinsifal a rubuce, ki je taron PTA ki yi bayani da bakinki, kuma ki faɗa ƙarara ba haraji bane ba wanda za a ce ya kawo ko sisi daga gida. Ba talla a titi. Mu abinda mukayi shine zoɓo da kunun aya ranar gasar wasanni da ranar raba sakamako, da tara robobin ruwa da gwangwanaye ana sayar wa 'yan jari bola, da ɗan lambun alayyahu a bayan aji wanda awaki suka cinye rabinsa. Jarin zoɓon farko ni na ranta musu kuma na sa suka rubuta suka biya ni a gaban aji, kinga tun kafin su bada bashi sun ɗanɗana cinsa.

Yanzu ga kunyar da nace miki. Shekarar farko da aka zo zaɓen wanda za a bai wa, sai tausayi ya ɗebe ni nace a bai wa mahaifiyar wani yaro a cikin ajin, tana ƙuli-ƙuli, mijinta ya rasu, kowa ya amince. Sati uku tana biya, na huɗu ƙaramin ɗanta ya kwanta asibiti kuɗin ya tafi can. Malama kafin in ankara yara sun fara kiran yaron nan ɗan mai cin bashi, a filin ƙwallo wani yace masa ka fara biyan mu kuɗinmu tukuna, yaro mai ƙoƙari ya daina zuwa makaranta kusan sati biyu, sai da na je gidansu da kaina na bada haƙuri na biya sauran daga albashina. Tun daga ranar na kafa doka, ba a bai wa iyayen ɗan aji, ba yayarsa ba kawunsa, ba malami, ba masinja ko maigadin makaranta. A samu mutumin da yara suke gani amma ba wanda zai sunkuyar da kai a aji in an kira sunansa. Bashi hanji ne yana cikin kowa, amma ɗan shekara goma sha uku bai san wannan ba tukuna.

Karo na biyu ne abin ya zauna. Mun tara 31,500. Na raba ajin gida biyar, kowane gida ya kawo mai sana'a ɗaya, suka je da rakiyar malami suka yi masa tambayoyin da muka tsara tare, nawa kake sarowa, nawa kake sayarwa, me yake ragewa a rana, in an baka dubu goma me zaka saya da ita takamaimai, akwai wani bashin a kanka, wa zai tsaya maka. Tambayar akwai wani bashin a kanka ita ce wadda mu ma a banki muka fi shan ƙarya a kanta. Kowane gida ya tsaya gaban allo ya kare nasa, aka kaɗa ƙuri'a, aka zaɓi uku, mai ƙosan bakin get da wani tela da yake son gyara kekensa da wani saurayi mai sayar da ƙanƙara da ruwan sanyi. Dubu goma goma, a biya dubu ɗaya duk Alhamis har sati goma, ba ƙarin komai, 1,500 ta zauna a akwati. Aka rubuta takarda da Hausa, mai karɓa ya sa hannu, wanda ya tsaya masa ya sa, shaidu biyu manya suka sa, dan yara ba a ƙulla yarjejeniya da su, sunan kwamitin iyaye da malamai ne a takardar. Na gayyato malamin addini na makarantar ya karanta musu aya ta 282 a suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani kuma a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana, yaran suka yi tsit, da yawansu sun haddace ta amma basu taɓa haɗa ta da littafin lissafi ba.

Littafin kuwa babba ne mai layi, rana, abinda ya shiga, abinda ya fita, saura, sa hannu, kuma duk sati ana canza magatakarda dan kowa ya taɓa. Duk Alhamis a buɗe akwati a zube kuɗin a tebur a ƙirga da ƙarfi, in lissafin littafi da na tebur basu haɗu ba ba mai fita tara. Wani yaro da bai taɓa cin rabin maki a lissafi ba shi ya kamo kuskuren naira hamsin da ya gagari kowa, har yau ina tuna yadda ya tsaya yana haki yana nuna layin da yatsa.

Mai ƙosai bata taɓa saɓawa ba, ita take aiko kuɗin tun kafin a tambaya a ƙulle a leda duk mai ya ɓata su. Tela ma ya biya, da ɗan jinkiri sau biyu. Mai ƙanƙara ya biya sati huɗu sai taransifomar unguwarsu ta ƙone, ba wuta ba ƙanƙara, saura dubu shida a kansa. To wannan Alhamis ɗin ita ce darasin da ya fi duk abinda na koyar a shekarar. Wata yarinya ta miƙe tace a je a ɗauko kularsa a sayar, aji ya ɗau ihu ana eh a ɗauko, sai wani daga baya yace in kun ɗauke kular ranar da wuta ta dawo da me zai nemo kuɗin da zai biya ku. Na zauna na naɗe hannu na barsu kusan rabin awa. Daga baya aka tuno musu aya ta 280 a surar dai, wadda tace a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, suka yanke a aika a dubo ko da gaske ne, aka tarar gaskiya ne duk layin ba wuta, suka mayar masa da zubin ɗari biyar. Ya biya sau takwas sannan ya tafi ci rani, dubu biyu ta maƙale, wanda ya tsaya masa tsoho ne da yaran suka ce suna jin nauyin su matsa masa, aka kaɗa ƙuri'a aka yafe. Akwati ya tashi da 29,500.

Daga nan maganar ruwa ta shigo da kanta ba ni na kawo ta ba. Wata tace Malam to in kullum dubu biyu zata rinƙa tafiya ai wata rana akwatin zai ƙare. Nace yauwa, yanzu ki ƙara da cewa ni da nake zuwa karɓa a banki ana biyana albashi ana zuba wa babur mai, kuma wahalar bin bashin dubu goma kusan ɗaya take da ta miliyan, shi yasa ƙananan bankuna suke ɗora ruwa mai nauyi fiye da manya. Ki koya musu su gane yadda ake lissafa shi ko da ba zasu taɓa ci ba, dan iyayensu suna faɗawa. Misali an baka dubu 20 ance kashi 5 cikin ɗari a wata har wata huɗu, ruwa dubu 4 kenan, zaka biya 1,500 duk sati har sati 16. Ka ji kamar kaɗan ne, amma ai tun satin farko ka fara mayar da uwar kuɗin, in aka daidaita abinda ya zauna a hannunka tsawon lokacin bai fi dubu goma da ɗari shida da 'yan kai ba, amma ruwan a kan dubu 20 cif aka lissafa har ƙarshe, kenan ainihin abinda ka biya ya haura kashi 9 a wata, kusan ninki biyu. Ki sa su zana wannan a allo sati sati su gani da idonsu.

Ki kula da kalmar riba, tana rikita yara, dan a Hausa ribar ciniki da ribar da aka haramta duk suna ɗaya muke kiransu. Ni nakan ce riba ga ta ciniki, kuɗin ruwa ga ɗayar, kuma na hana a cakuɗa. Rancenku na farko ya zama bashi ne zalla ba ƙari, da haka kin rufe bakin kowa. Akwai ƙungiyar Akhuwat a Pakistan da Dakta Amjad Saqib ya kafa a Lahore a 2001, rance mara ruwa take bayarwa kuma a masallatai ake rabawa, zaki iya basu misalinta. In kuma ana so akwatin ya girma akwai hanyar da bankuna irin Jaiz suke bi tun da ya fara aiki a 2012, wato murabaha. A zango na uku haka mukayi da mai ƙosai, maimakon a bata kuɗi sai wakilan aji da malami suka je kasuwa suka sayo wake da mai na dubu goma, kayan suka zama na aji tukuna, sannan aka sayar mata a dubu goma sha ɗaya ta san farashin sari ta san ƙarin, zata biya 1,100 duk sati, kuma ko ta makara ba a ƙara mata ko kwabo. Sharaɗin sai kayan sun shiga hannunku kafin ku sayar, in ba haka ba sunan kawai kuka canza. Ki zauna da malamin fiƙihu ya duba takardar kafin a sa hannu, kar ki dogara da maganata kaɗai a wannan.

Abu ɗaya kuma da nake roƙonki, kar ki gaya wa yara cewa ƙaramin rance yana kashe talauci, mu ma haka aka gaya mana a horo muka yi ta maimaitawa. A 2010 a jihar Andhra Pradesh ta Indiya kamfanonin rance sun yi ta ɗora wa talakawa bashi kan bashi da matsin karɓa har aka rinƙa samun rahoton masu kashe kansu, gwamnatin jihar ta kafa dokar da ta kusa tsayar da harkar gaba ɗaya. A 2015 kuma aka fitar da sakamakon bincike shida da akayi a Indiya da Maroko da Habasha da Meziko da Mongoliya da Bosniya, cikin masu binciken akwai Abhijit Banerjee da Esther Duflo da suka samu Nobel a 2019, abinda aka gani shine rancen yana taimaka wa wasu su faɗaɗa sana'a amma bai ɗaga kuɗin shigar yawancin gidaje yadda ake ta kururutawa ba. Nima abinda idona ya gani kenan a kasuwa, wadda take da sana'a a hannu da masu saye tana jin daɗinsa, wanda ya karɓa dan biki ko dan ya biya wani bashin sai dai ya ƙara nutsewa, kuma na sha tsayawa a ƙofar gida ina sallama ina jin ana ce wa yaro je kace bana nan.

Ƙarshen shekara kar a raba kuɗin kar kuma ayi walima da shi. Mu taro mukayi a filin makaranta, 'yan aji suka karanta lissafi daga farko har ƙarshe har da dubu biyun da aka yafe da dubu ɗayan da murabaha ta kawo, suka ƙirga 30,500 a gaban iyaye, suka miƙa akwati da littafi da makullai uku ga 'yan JSS 1 masu hawowa, sababbin suka sake ƙirgawa kafin su sa hannu. In kin kai wajen rubuta takardar yarjejeniyar ki min magana in turo miki irin wadda muka yi amfani da ita, shafi ɗaya ce, sai dai ki sake buga ta dan tawa duk man ƙosai ya taɓa gefenta.